Ƙanƙarar ta narke a dare ɗaya, ɓarnarta ta daɗe a gidana

Ni kafinta ne, kuma aikin rufi na fi yi. Tun ina yaro nake bin mahaifina ina miƙa masa ƙusa da guduma, kafin in yi gemu na riga na san bambancin kwano mai kauri da wanda ake lanƙwasawa da hannu ɗaya. Na rufa gidajen mutane ba adadi, na sake rufa waɗanda iska ta yaye. Shi ya sa idan hadari ya haɗo, iska nake tsoro. Ƙanƙara kuwa wasan yara na ɗauke ta, domin haka na san ta: ƙanana su zubo na ɗan lokaci, mu fita da kofi muna tsinta muna ihu, manya su kora mu ciki. Sai da na haura shekara arba'in sannan na ga ta huda kwano.

Ranar an wuni ana zafi mai nauyi, ko ganye ba ya motsi. Da la'asar hadari ya taso daga gefe guda, baƙi ƙirin, ƙasansa ya yi wani kore-kore da ban saba gani ba. Ina rumfar da nake ajiye katako a ƙofar gida, ni da yaron da ke koyon aiki a wurina, muna sauri mu lulluɓe kaya. Sai iska ta juyo da sanyi lokaci guda, sanyin da bai dace da zafin da aka wuni a ciki ba. Ƙananan ƙanƙara suka fara zuba. Na ji dariyar ƙaramar 'yata daga tsakar gida, na san ta fita tsinta, har na yi murmushi.

Ban gama murmushin ba na ji wani abu ya doki rufin rumfar, na ɗauka reshe ne ya karye. Aka sake, aka kuma, daga nan ƙarar ta haɗe ta zama guda. Ba ka jin maganar wanda ya sa bakinsa a kunnenka. Na ga mai ɗakina a bakin ƙofa tana ɗaga hannu, bakinta na motsi, sai da na matsa na tsinci abin da take cewa: "Malam, yarinyar tana waje!" Na zabura zan fita, yaron nan ya riƙe min riga ya turo min guntun falanki. "Oga, ɗora wannan a ka." Wannan falankin har yanzu yana nan, da lotsawa uku a jikinsa, kuma na san kaina ne zai ɗauke su da ba don yaron ba.

Na same ta a tsugune jikin bango, kofin na hannunta, jini ya rufe mata rabin fuska. Ba ta kuka, idonta kawai a buɗe. Na sungume ta, na ɗora falankin a kanmu, ƙanƙara na dukan bayana da yatsuna. Ban ji zafin ba sai washegari, da na ga bayana ya yi tabo-tabo. A ɗaki ma babu sauƙi. Gilashin taga ya tarwatse a kan gado, silin ya fara ɓulewa, muna ganin dunƙulen ƙanƙara na faɗowa tsakar ɗaki suna fashewa. Na tura yaran duka ƙarƙashin tebur, muka jawo katifa muka jingina ta a gefen da taga take. Mai ɗakina ta danne wa yarinyar rauni da ɗankwalinta tana salati. Ni kuwa ina durƙushe ina sauraron rufin da na buga da hannuna yana mutuwa a kaina. Duk abin bai kai rabin sa'a ba.

Da ta tsaya, shirun ma ya ba ni tsoro. Na leƙa waje na ga ƙasa fari fat, hazo na tashi daga kanta har gwiwa, ga warin ɗanyen ganye ya cika unguwa, domin bishiyoyi duk an zage su sun koma tsirara. Tsuntsaye a zube. Na ɗauki ƙanƙara guda, ta kai ƙwan kaza, wasu sun fi, kuma ba sumul suke ba, suna da ƙahonni da tsini. Wadda ta fashe na ga cikinta zobe-zobe ne, fari da garau, fari da garau. Ban tsaya kallo ba. Ƙanƙara da ganye sun toshe magudanar ruwa, ruwan ya fara komowa cikin gida, ga wayoyin wuta a jiƙe a cikin silin. Na kashe wutar gidan daga tushe, na goya yarinyar muka fita neman abin hawa.

A hanyar asibitin nan na ga abin da ya fi daɗewa a raina. Layinmu da na bayanmu kamar an yi yaƙi: motoci gilasai a farfashe, mutane na fitowa riƙe da kai, wata tsohuwa zaune a ƙofar gida tana kallon awakinta biyu a kwance. Muna tsallaka babban titi sai komai ya canja. Ƙasa a jiƙe kawai, bishiyoyi da ganyensu, mutane na zaune suna hira. Direban da ya tsaya mana ya dubi jinin da ke rigata ya ce, "Malam, faɗa aka yi ne?" Na ce ƙanƙara ce. Ya yi 'yar dariya, ya ɗauka zolaya nake, sai da ya ga kan yarinyar ya yi shiru ya taka mota.

Asibiti cike yake da mutanen ɓangarenmu, kusan kowa kai ne ko kafaɗa ko yatsu. Aka yi mata ɗinki. Ma'aikaciyar jinyar ta ce mu sa mata ido kwana biyu, idan ta fara amai, ko barci ya yi mata nauyi har ta yi wuyar tashi, ko ta riƙa magana a rikice, mu dawo da ita ko tsakar dare ne. Alhamdulillahi ba a kai ga haka ba. Amma daren nan ban runtsa ba, ina zaune ina tashinta lokaci-lokaci in tambaye ta sunanta, ruwa na ɗiga cikin bokitai a kewaye da mu.

Gari na wayewa babu ƙanƙara ko ɗaya. Gobara tana barin toka, ambaliya tana barin laka da shaida a jikin bango, ita wannan ta yi ɓarnarta ta narke. Wanda ya zo jaje daga ɗaya ɓangaren garin zai tsaya a ƙofar gida ya ga bango a tsaye, rufi a samansa, ya ce, "To ai da sauƙi, Allah ya taƙaita." Sai ka shigar da shi ɗaki ka nuna masa sama, ya ga rana na shigowa ta ƙofofi fiye da yadda zai iya ƙirgawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kam ko'ina ne. Wani ɗan maƙwabcinmu ya yi hankalin da manya ba su samu natsuwar yi ba, ya ɗauki hotunan ƙanƙarar da wayarsa tun ba ta narke ba, ya ajiye abin awo a gefenta, ya kuma bi gida-gida yana ɗaukar rufi da tagogi kafin a share. Da masu rubuta sunaye suka zo daga baya, waɗannan hotunan ne kaɗai hujjar layinmu. Sun rubuta, sun tafi, abin da ya biyo baya bai kai a sayi ƙusa ba. Masu inshorar mota 'yan kaɗan ne a cikinmu, su ma waɗanda ba su da hoto sun sha jeka-ka-dawo. Rufin gida kuwa babu wanda na sani da ya yi masa inshora.

Ruwa na biyu ya zo bayan 'yan kwanaki, ruwa ne na yau da kullum wanda da can barci muke yi a cikinsa. Shi ya ƙarasa mu. Silin da ya sha ruwa ya kumbura ya rufto, katifu suka ƙi bushewa, tufafi da littattafan yara suka yi fumfuna, bango ya fara baƙi daga sama. Katakon da na tara a rumfa, wanda rabinsa na mutane ne da suka ba ni kuɗin aiki, ya jiƙe ya karkace. A aikina na sani kaya idan ya kwana ɗaya zuwa biyu a jiƙe ba a shanya shi ba, fumfuna ta samu wuri. Amma ina za ka shanya, gida duk ɗaya ne?

Sai kuma ga aiki ya zo min fiye da yadda na taɓa gani. Tun asuba ake buga min ƙofa. Farashin kwano ya tashi a cikin mako guda, tamfol ya yi wuyar samu, kuma sai ga kafintocin da ba mu taɓa gani ba sun cika unguwa da tsani a kafaɗa. Wasunsu ma'aikata ne na gaske. Wasu kuwa su karɓi rabin kuɗi su ce za su sayo kaya, shi ke nan an rabu. Wasu su hau su shafa kwalta a kan ramukan da ake gani su sauko, alhali ɓarnar ƙanƙara ba a rami kaɗai take ba. Inda ta doki kwano ya lotsa, ta kankare shafen da ke hana shi tsatsa, ruwa ya riƙa kwanciya a wurin, bayan damina ɗaya ko biyu ya ɓule. Bakin ƙusa ma tana buɗa shi, kwanon ya saki. Rufin asbesto kuwa tsagewa yake yi siririya wadda ba ka gani daga ƙasa, kuma ɓaraguzansa ba a share su a bushe, sai an yayyafa ruwa, don ƙurarsa cuta ce ga huhu. Na yi ta faɗa wa mutane wannan, wasu suka ji, wasu suka ɗauka ƙarin aiki nake nema wa kaina.

A nan na yanke shawarar da ta jawo mana saɓani a gida. Ba ni da kuɗin kwanon rufina, ga bashin katakon mutane a wuyana. Na shimfiɗa tamfol a saman ɗaki ɗaya, muka tattaru a ciki mu duka, na ce zan fara da gidajen mutane in tara. Mai ɗakina ta ce, "Malam, kai ne mai rufa wa gari, 'ya'yanka na kwana cikin ruwa." Maganar ta yi min ciwo don gaskiya ce, amma ban ga wata hanya ba, kuma ko yau aka mayar da ni wurin ban ga abin da zan yi daban ba. Abin da na ƙi shi ne ƙara kuɗin hannuna. Abokan sana'a sun ce min kasuwa ce ta zo. Ni kuwa mutanen da ke kirana su ne muka haɗu da su a asibiti daren nan, ban iya duban idonsu in ninka musu ba.

Ana cikin haka na faɗo. Wani tsohon gida ne, na hau ina bin layin ƙusa yadda ake yi, don nan katako yake a ƙasa. Ashe gara ta daɗe da cinye katakon, ruwan da ya yi ta shiga ta ramukan ƙanƙara ya ƙarasa shi. Ya karye da ni, na bi ta silin na faɗo tsakar ɗakin mutane. Ƙashin cinyata ya karye. Ƙanƙarar da kanta tabo kawai ta bar min a baya, abin da ta bari a rufi ne ya kwantar da ni watanni.

Waɗannan watannin su ne mafi wuya a rayuwata. Ina kwance ƙarƙashin tamfol, ina jin ƙarar guduma daga ko'ina a unguwa, aikin da na iya ana yin sa ba da ni ba. Kuɗin da na tara na kwano ya tafi a magani. Masu jaje sun zo makon farko, suka ragu, suka ɗauke, kuma ban ga laifinsu ba, rabinsu nasu rufin na yoyo, ɗaya rabin sun riga sun manta an yi wani abu. Mai ɗakina ta sayar da abin da take da shi ba ta faɗa min ba, sai da na lura wuyanta babu komai. Na fara jin haushin kowa. Idan yaro ya yi dariya a waje sai in daka masa tsawa. Akwai daren da na yi kuka a ɓoye, ba don ciwon ƙafa ba, don na ji babban ɗana yana tambayar uwarsa ko ya bar makaranta ya koma bin yaron aikina.

Shi wannan ɗan nawa ne ya fara karanta min labarin ƙanƙara a waya don ya ɗebe min kewa, ni kuma na riƙe abin da ƙarfi, domin tambaya ɗaya ta hana ni sakat: me ya sa mu, ban da tsallaken titi? Ashe haka ɗabi'arta take. A cikin babban hadari mai tsawa akwai iska mai ƙarfi da ke hawa sama, ta kwashi ɗigon ruwa ta kai shi can inda sanyi ya wuce na daskarewa, ko da a ƙasa zafi ake yi. A can ɗigon ya daskare, wani ruwan ya riƙa manne masa yana daskarewa a kansa, yana girma muddin iskar na iya riƙe shi. Zoben da na gani ke nan: inda ruwan ya daskare da sauri ya kama iska a ciki sai ya yi fari, inda ya daskare a hankali sai ya yi garau. Idan nauyinta ya fi ƙarfin iskar sai ta faɗo. Ƙanana sukan narke a hanya su iso a matsayin ruwa, manya kuwa suna iya saukowa da gudun da ya wuce kilomita 100 a sa'a. Kuma daga wani sashe na hadarin kawai take zuba, shi ya sa take bin siririn layi a ƙasa, ta daki unguwa ta bar maƙwabciyarta. Na daina ganin an zaɓe mu ne.

Ya karanto min cewa a ranar 30 ga Afrilu 1888 ƙanƙara ta kashe mutum 246 a yankin Moradabad na Indiya, kuma Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta ɗauke ta a matsayin mafi kisa da aka rubuta. A Gopalganj ta Bangaladesh, ranar 14 ga Afrilu 1986, an auna guda ɗaya ta kai kilo 1.02, mutum 92 suka mutu. A garin Vivian na Amurka a 2010 an tsinci mai faɗin santimita 20. Da na ji wannan sai na dubi tabon kan 'yata da wani ido. Wanda ya fi taɓa ni a matsayina na mai rufi shi ne na birnin Sidni a Ostareliya a 1999, inda gidaje sama da 20,000 suka lalace a dare ɗaya, mutane suka daɗe da tamfol a saman gidajensu suna jiran masu gyara. Babban birni ne mai arziki, amma su ma tamfol suka shimfiɗa. Ban san dalili ba, jin haka ya rage min kunyar da nake ji.

Yarinyar kuwa rauninta ya warke da wuri, tsoron ne ya zauna. Da hadari ya haɗo sai ta shige ƙarƙashin tebur ta toshe kunne, ko cokali ya faɗi a kan kwano sai ta firgita, ta koma fitsarin kwance da ta daɗe da bari. Da farko uwarta na ce mata babu komai, ba za a sake ba. Na ce ta daina faɗa mata haka, don ba mu da tabbas, kuma yaro yana gane lokacin da ake rarrashinsa da abin da ba a sani ba. Sai muka koya wa yaran duka abin yi: idan ƙanƙara ta fara, komai ƙanƙantarta, a shigo ciki, a nisanci taga, a sauke labule, wanda ta rutsa da shi a waje ya kare kansa da duk abin da ya samu ya nemi gini, ban da gindin bishiya saboda tsawa da rassa. Muka ba ta aikin rufe tagogi. Samun abin yi a hannunta ya fi duk rarrashin da muka yi mata amfani. A hankali ta bar ƙarƙashin tebur, ko da yake har yau ita ce ta farko da ke ganin hadari a gidanmu.

Sabon rufina kuwa ba ni na buga shi ba. Wata safiya ina kwance na ji motsi a sama, na yi kira, yaron aikina ya leƙo ya ce, "Oga, kwanta abinka." Ashe ya bi gidajen da na gyara kafin in faɗo, ya gaya musu halin da ake ciki. Wannan ya kawo kwano biyu da suka rage masa, wancan ya kawo ƙusa, tsohuwar nan mai awaki ta aiko da katako guda da ta ce ya daɗe a bayan ɗakinta. Rufin ya fito kala-kala, wani sabo wani tsoho, layin ƙusar ma bai miƙe yadda nake so ba. Na ga kuskuren daga inda nake kwance ban ce komai ba, sai bayan na warke na nuna masa.

Yanzu ina tafiya da ɗan ɗingishi kuma na rage hawa sama. Yaron ne ke hawa, ni ina ƙasa ina awo da yanka, kuma ba ya taka rufin da bai fara duba katakonsa daga cikin silin ba. Masu katakon da ya lalace na biya su kaɗan-kaɗan, saura mutum ɗaya, shi ma ya ce kada in takura kaina. Babban ɗana bai bar makaranta ba. Idan mai gini ya zo min da siririn kwano don ya rage kuɗi, nakan ɗauko falankin nan in nuna masa, in ce ya sa yatsa a cikin lotsawar. Wasu su koma su canjo mai kauri, wasu su ce ai ƙanƙara irin wannan sau ɗaya ake yi, in buga musu abin da suka kawo. A 'yan watannin nan kuma kiran da ake yi min ya ƙaru daga layinmu da na bayanmu, gidajen da aka shafa wa kwalta aka ce an gama, lotsawar ta yi tsatsa ta fara ɓulewa ɗaya bayan ɗaya.